Neman labaran farautar Robert Ruark waɗanda ba su shiga littafi ba

Jikan Maharbi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka fi ni sanin harkar tsofaffin mujallu da ɗakunan karatu, a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Shekaru da dama da suka wuce na sayi wani tsohon littafi a hannun mai baza littattafan gwanjo a bakin titi, bangonsa ya yage, takardunsa sun yi ja. Littafin shi ne The Old Man and the Boy, na Robert Ruark, marubucin nan ɗan Amurka wanda aka haifa a garin Wilmington na jihar Karolina ta Arewa a 1915, ya kuma rasu a Landan a 1965, kafin ya cika shekara 50. Labarin wani yaro ne da kakansa, tsohon da ke koya masa harbi da kamun kifi da horar da karnuka, yana kuma cusa masa tarbiyya ta cikin waɗannan abubuwa ba tare da yaron ya ankara ba. Na fara karanta shi bayan sallar isha'i, ban ajiye ba sai da batirin tocilana ya mutu.

Dalilin da ya sa ya kama ni haka shi ne kakana na wajen uwa maharbi ne, kuma a gabansa na girma. Da na zo wurin da tsohon ya tsawata wa yaron saboda ya nemi tsallaka shinge da bindiga ɗure a hannunsa, sai na tuna ranar da kakana ya ƙwace bindigar toka daga hannun yayana, ya jingine ta a gindin kuka, ya yini bai ce masa uffan ba, domin kawai ya juya bakinta wajen mutane yana dariya. Haka kuma gargaɗin da tsohon yake yi, cewa kada a ƙarar da garken tsuntsu a harbi ɗaya, a bar waɗanda za su yi ƙwai baɗi, shi ne dai abin da kakana yake faɗa a kan makwarwa da zabin daji. Ƙasa daban, harshe daban, dabbobin ma daban, amma muryar tsofaffin biyu ɗaya ce a kunnena.

Daga baya na samu littafi na biyu, The Old Man's Boy Grows Older, wanda ya fito a 1961, sannan na samu Horn of the Hunter na 1953, labarin farautarsa ta farko a Tanganyika, ƙasar da take cikin Tanzaniya a yau, tare da ƙwararren maharbi Harry Selby. A nan ne na gane cewa labaran tsohon da yaron ba a matsayin littafi aka fara rubuta su ba. Fili ne da yake rubutawa a mujallar Field & Stream daga 1953 zuwa 1961. Mujallar kuwa wata-wata take fitowa, saboda haka idan aka yi lissafi a sauƙaƙe, fitowar shekara tara ta kai kusan ɗari da takwas, alhali babukan littattafan tsohon da yaron guda biyu, ko an haɗa su, ba su kai haka ba. Ke nan akwai labaran da suka maƙale a cikin mujallar, ba su taɓa shiga waɗannan littattafai ba.

Tambayata ita ce, ta wace hanya mutumin da ke zaune a nan gida, wanda ba shi da halin tafiya Amurka, zai bi sawun waɗannan labarai? Ina so in san waɗanda suka rage, in san watan da shekarar da kowanne ya fito, in kuma karanta su idan da hali. Ba kasuwanci nake nufi ba. Ina jin kamar an bar ni ne a tsakiyar hira, mai ba da labarin ya tashi ya shiga gida, ni kuwa na san bai gama ba.

Ma'aikaciyar Laburare ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta faɗo a kan aikin da nake yi kullum, saboda haka bari in yi maka bayani a tsanake.

Kafin ka fara neman abin da ya ɓace, sai ka tabbatar da abin da aka riga aka tsinto, domin akwai waɗanda suka riga ka shiga wannan daji. Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, a 1966, aka fitar da Use Enough Gun, wanda ya tattara rubuce-rubucensa na farautar manyan namun daji. A 1991 Michael McIntosh ya tattaro wasu labaransa na mujallu a littafin Robert Ruark's Africa. Sannan a tsakiyar shekarun 1990 Jim Casada ya fitar da The Lost Classics of Robert Ruark, wanda manufarsa ita ce ainihin abin da kake nema, wato kwaso rubuce-rubucen da ba su taɓa shiga littafi ba. Idan ba ka duba waɗannan uku ba, za ka iya ɓata wata guda kana farautar labarin da yake zaune a kan kantar wani mai sayar da littattafai. Ko ba ka samu littattafan kansu ba, ka nemi jerin babukansu, wanda sau da yawa akan same shi a WorldCat, kundin intanet da ke jera littattafan ɗakunan karatu na duniya, ko a shafukan masu sayarwa.

Bayan haka ka ɗauki littafin rubutu mai kauri, ko ka buɗe jadawali a kwamfuta, ka ware layi ɗaya ga kowane wata tun daga Janairun 1953 har zuwa Disambar 1961. A gaban kowane wata ka bar gurbin sunan labarin, da lambar shafi, da littafin da ya shiga idan ya shiga, da kuma jimlar farko ta labarin. Wannan gurbi na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne masu farawa suke rainawa. Editan mujalla yakan sa wa labari suna, editan littafi ya zo ya canza shi, wani lokaci ma a haɗe labarai biyu su zama babi ɗaya, ko a datse gabatarwar da ta danganci watan da aka buga shi. Idan da suna kaɗai kake gwadawa, za ka ƙirga labari ɗaya sau biyu, ka yi murnar gano abin da yake hannunka tun tuni.

Game da inda za ka samo bayanan cike jadawalin, akwai fihirisar da ake kira Readers' Guide to Periodical Literature, wadda kamfanin H. W. Wilson ya fara fitarwa tun farkon ƙarni na 20. Tana jera rubuce-rubucen mujallun Amurka a ƙarƙashin sunan marubuci, da sunan mujalla da kwanan wata da shafi. Ka duba juzu'an da suka shafi shekarun 1946 zuwa 1966 a ƙarƙashin sunan Ruark. Sai dai ba kowace mujalla ce take cikinta ba, saboda haka rashin ganin abu a can ba ya nuna cewa ba a buga shi ba. Akwai kuma ma'ajiyar HathiTrust a intanet, wadda ke da wata fa'ida da mutane da yawa ba su sani ba: ko da littafi ko mujalla na ƙarƙashin haƙƙin mallaka, ba za a buɗe maka shafukan ba, amma idan ka nemi wata kalma za a faɗa maka shafukan da ta bayyana a ciki. Wannan kaɗai yana iya tabbatar maka cewa sunansa yana cikin wani juzu'i ko ba ya ciki.

Babbar taska kuwa tana jami'ar da ya yi karatu, wato Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill, inda ya kammala a 1935. Takardunsa suna ajiye a ɗakin karatu na Wilson, kuma jerin abin da ke cikin akwatunan yana kan intanet, kowa yana iya karantawa kyauta. Ma'aikatan irin waɗannan ma'ajiyoyi suna amsa wasiƙun imel daga ko'ina a duniya. Shawarata ita ce kada ka rubuta musu cewa kana son duk abin da Ruark ya rubuta, domin wannan ba tambayar da za a iya amsawa ba ce. Ka karanta jerin, ka zaɓi akwati da fayil, ka ambaci lambobinsu, ka tambayi ko ana iya ɗaukar maka hoton shafuka kaza da kuma abin da za ka biya. Mu ma'aikatan laburare muna jin daɗin mai tambayar da ya nuna ya yi nasa aikin kafin ya ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Dattijon Zariya ya amsa:

Ɗana, Malama ta ba ka hanyar masu ilimi, ni kuma zan ba ka ta masu yawon kasuwa, domin na shekara fiye da ashirin ina tara tsofaffin mujallun farauta, tun ina koyarwa har na yi ritaya.

Masu sayar da tsofaffin mujallu a kasuwar intanet ta eBay sukan ɗauki hoton bango, da yawansu kuma suna ɗaukar hoton shafin da ke jera abubuwan da ke ciki, don mai saye ya gani. Wannan shafi shi ne abincinka. Ba sai ka sayi komai ba. Ka riƙa neman fitowar kowane wata, ka buɗe hoton, ka ƙara masa girma, ka kwafe sunan labarin da lambar shafinsa zuwa jadawalin da Malama ta ce ka yi. Wanda bai sa hoton ba, ka aika masa saƙo cikin ladabi ka roƙe shi, mafi yawansu suna amsawa. Da wannan dabara na cike watanni masu yawa ban kashe ko kwabo ba sai kuɗin data. Kada ka sa rai da Google Books a wannan aiki, domin fitowar mujallar da na ci karo da su a can duk na bayan rasuwar Ruark ne.

Idan ka zo saye, ka yi hattara. Kuɗin aikowa zuwa nan yakan ninka kuɗin mujallar kanta, saboda haka gara ka sayi na shekara guda a dunƙule, ka sa a kai gidan wani ɗan'uwa da ke can, ya riƙo maka idan zai dawo. Kuma lallai ka tambayi mai sayarwa ko shafukan sun cika. Na taɓa jiran wata fitowa wata uku cur, ranar da ta iso na wanke hannu na zauna a kan tabarma na buɗe, na karanta shafin farko na labarin, a ƙasansa an rubuta cewa ci gaban yana can bayan mujallar. Da na juya sai na tarar an yanke shafin da reza, an bar ɗan siririn gefensa manne da ƙusar ɗinki. Wani ne ya cire tallar bindiga da ke bayan shafin don ya sayar da ita daban, ya tafi da ƙarshen labarina. Har yau ban san yadda aka ƙare da wannan kare da ake horarwa ba. Mujallun wancan zamani haka suke tsara labari, su fara shi a gaba su ƙarasa a baya a tsakanin tallace-tallace, don haka idan za ka roƙi wani ya ɗaukar maka hoto, ka tuna masa da ci gaban.

Abu na biyu, kada ka tsaya a mujalla ɗaya. Ruark ɗan jarida ne kafin ya zama marubucin farauta. Ya yi aiki da jaridun kamfanin Scripps-Howard, kuma filinsa na sharhi yana fitowa a jaridu da yawa a faɗin Amurka, har rubuce-rubucen suka kai dubbai. Mafi yawansu a kan siyasa ne da al'amuran yau da kullum, amma duk lokacin da ya tafi Afirka yakan aiko da labarai daga sansani, da ɗuminsu, tun kafin ya zauna ya gyara su su zama littafi. A ganina waɗannan ne ainihin abin da ba a tattara ba. Jaridar Pittsburgh Press tana cikin jaridun kamfanin, kuma akwai tsofaffin fitowarta a ma'ajiyar jaridu ta Google. Ka fara da shekarar 1951, shekarar tafiyarsa ta farko. A nan ma suna ba abin dogaro ba ne, domin kowace jarida takan sa wa sharhi ɗaya nata kanun, wata ma ta datse wutsiyarsa idan wuri ya ƙare mata. Ya kuma rubuta wa mujallu irin su Esquire da Saturday Evening Post, kuma dukansu biyu sun zuba tsofaffin fitowarsu a intanet ga wanda ya biya kuɗin rajista. Ka shirya jerinka tun kafin ka biya.

Ɗalibar Tarihi ta amsa:

Baba da Malama sun yi bayani mai gamsarwa a kan hanya. Ni ina so in yi magana ne a kan abin da Malam zai tarar idan ya isa, domin kada ya zo masa ba zato.

Ruark na labaran tsohon da yaron mutum ne mai taushin zuciya, amma ba shi kaɗai ba ne Ruark. Ya je Kenya a daidai lokacin da gwagwarmayar Mau Mau ta ɓarke, wadda ta sa Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar ta-ɓaci a 1952, kuma daga abin da ya gani da abin da abokansa Turawan da suka kama gonaki a can suka faɗa masa ya rubuta ƙagaggun littattafansa biyu, Something of Value na 1955 da Uhuru na 1962. Kusan duk abin da ya rubuta a kan siyasar Afirka daga ɓangarensu yake kallo. A sharhinsa na jarida, wanda Baba ya ambata, wannan ra'ayi ya fi fitowa fili, domin babu editan littafi da ya zauna ya tace shi daga baya. Za ka ci karo da maganganu a kan baƙar fata waɗanda za su sosa maka rai. Ko a labaran yarintarsa ma, Karolina da yake kwatantawa ƙasa ce ta wariyar launin fata, kuma baƙaƙen da ke cikin labaran ana ganinsu ne ta idon yaron Bature da ya taso a cikin wannan tsari bai ga aibinsa ba.

Ban faɗi haka don in sare maka gwiwa ba. Ina ganin ma wannan ƙarin dalili ne na yin aikin da kyau. Waɗanda suka tattara littattafan baya sun zaɓi abin da masu sha'awar farauta za su so ne, kuma ba laifi a wannan, amma wanda ya bi jadawali wata bayan wata zai ga mutumin gaba ɗayansa, da kyansa da muninsa.

Akwai kuma roƙon da nake da shi. A Horn of the Hunter ya ambaci 'yan Afirkan da suka yi ainihin aikin dajin, irin su Kidogo mai riƙon bindiga da bin sawu, da Juma shugaban ma'aikatan sansani, da tsoho Katunga mai fiɗa. Ya yabe su, a wasu wurare da gaske, a wasu wurare cikin salon ubangida da baransa. Waɗannan mutane su ne takwarorin kakanka, su ne suke duban ciyawar da ta kwanta su san ko ɓauna ta wuce da asuba ko da hantsi, amma ba su bar rubutu ba, kuma sau da yawa ɗan abin da baƙo ya rubuta a kansu shi ne kawai abin da ya rage na tarihinsu. Idan za ka ƙara gurbi ɗaya a jadawalinka, ka riƙa rubuta sunan duk ɗan Afirkan da aka ambata a kowane labari, da ƙabilarsa da aikinsa, to ka yi abin da zai amfani irinmu masu nazarin tarihi, kuma ni a shirye nake in taya ka wannan ɓangaren.

Ma'aikaciyar Laburare ta ƙara da cewa:

Na manta da batun haƙƙin mallaka, kuma ya kamata a faɗe shi tun yanzu, tunda na ga aikin yana neman zama na haɗin gwiwa. A dokar Amurka, abin da aka buga kafin 1964 sai an sabunta rajistarsa a shekara ta 28 kafin kariyarsa ta ci gaba, idan kuma an sabunta, kariyar takan kai shekara 95 daga shekarar bugawa. Labarin da ya fito a 1953, idan an sabunta shi a 1981, ba zai zama na kowa da kowa ba sai farkon 2049. Bayanan ofishin haƙƙin mallaka na Amurka daga 1978 zuwa yau suna kan intanet, don haka ana iya duba sabuntawar waɗannan shekaru daga nan gida. A duba sunan mujallar da kuma sunan marubucin, domin kowannensu yana iya zama wanda ya sabunta.

Jerin sunayen labarai da kwanan wata da lambar shafi bayanai ne, kana iya wallafa su ka raba wa kowa. Amma ɗora cikakken labari a Facebook, ko fassara shi zuwa Hausa a buga, wannan sai da izinin masu haƙƙi.

Jikan Maharbi ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya da daddare na zana jadawalin a littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, layi 108 daga Janairun 1953 zuwa Disambar 1961, na kuma ƙara gurbin da ƙanwata Ɗalibar Tarihi ta nema. Maganarki ta tsaya mini a rai, domin kakana ma ya sha raka baƙi daji a zamanin Turawa, kuma ban taɓa tunanin cewa wataƙila sunansa yana kwance a littafin wani ba. Abin da kika faɗa a kan ra'ayin Ruark ban musa ba, na ga alamarsa tun a littafin Tanganyika, kuma zan rubuta shi a jadawalin yadda na same shi.

Na riga na kwafe jimlar farko ta kowane babi na littattafai biyun da ke hannuna. Yanzu abin da nake buƙata shi ne jerin babukan littafin Casada da na McIntosh tare da jimlolinsu na farko, idan akwai mai su a cikinmu, ko da hoton waya ne.

Baba, don Allah ka duba mini wata da shekarar mujallar nan da aka yanke wa shafi, da lambar shafin da ci gaban ya kamata ya kasance. Ina da ɗan ƙanin mahaifina da ke karatu a Amurka, kuma ya ce ɗakin karatun jami'arsu yana aro wa ɗalibai kwafin shafuka daga wasu ɗakunan karatu. Da wannan labarin nake so mu fara, in aiko maka da ƙarshensa, mu ji yadda aka yi da karen.